Ranar da Selmo Ya Ƙi Ɗaga Hula

Tun kafin masu sayar da gyaɗa su buɗe rumfunansu, motar Anselmo Cuevas, wanda kowa ke kira Selmo, ta riga ta shiga bayan filin besbol na Calder Bay. Tsohuwar akori-kura ce wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai da duka. Ya fito da kofi a hannu, da arepa biyu, wato wainar masara, da matarsa Milagros ta naɗe masa a takarda. Ya kife bokiti ya zauna, ya jawo kwalin sababbin ƙwallaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murza musu laka don su daina santsi. In ya gama ya naɗe yatsun hagunsa da filasta, yatsun da babu ko ɗaya da ya miƙe a cikinsu, ya ɗaura sulken ƙirji da na ƙauri, ya kama hanyar shinge yana ɗingisawa kaɗan.

Haka yake yi shekara ashirin da 'yan kai, kuma Lahadin nan mai zuwa zai yi na ƙarshe.

Shingen yana can ƙarshen fili, inda 'yan ɗauki suke zaman jiran a kira su idan mai jifan farko ya gaji. Aikin Selmo shi ne ya tsuguna ya riƙa cafke jifansu har hannunsu ya ɗumama. Bai taɓa shiga wasa ba. Sunansa bai taɓa hawa allo ba. Akwai masu sayen tikitin shekara a garin nan da suka tsufa a kan kujera ɗaya, da za su haɗu da shi a kanti ba za su gane shi ba sai ya juya musu baya ya tsuguna.

Amma ku tambayi Booker Nance, ɗan ɗaukin nan mai surutu da ya yi shekaru a shingen. Shekarar da mahaifinsa ya rasu, jifa ya ɓace masa gaba ɗaya, ƙwallo ta riƙa tafiya inda ta ga dama. Ranar hutu, ana yayyafi, Selmo ya buga masa ƙofa ya ce ya ɗauko safar hannunsa ta wasa. Suka je filin wata makaranta, Selmo ya tsuguna a cikin taɓo, bai ce masa gyara nan ba, bai ce masa yi haƙuri ba. Booker ya yi ta jifa yana kuka har jifan ya dawo. Ku tambayi samarin da suke sauka daga Maracaibo da San Pedro ba su iya ko tambayar banɗaki da Turanci ba, wa ya nema musu ɗaki, a teburin wa suka ci abincin Kirsimeti. Duk shingen Kawu suke ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru.

Sai kuma hularsa. Akwai waya tsakanin shinge da rumfar koci, amma idan fili ya cika ba a jin komai a cikinta sai ihu. Saboda haka tun da daɗewa Koci Harlan Mulvaney ya daina tambaya ta waya ko mutum ya shirya. Yakan hau matakalar rumfa ya hango shinge. In Selmo ya cire hula ya ɗaga sama, hannun ya nuna, sai koci ya fita ya kira ɗan ɗaukin. In hular tana kai, koci ya jira. Da zarar koci ya yi wa alƙalin wasa alama kuwa, magana ta ƙare, dole wanda aka kira ya shiga ya yi jifa. Duk amanar Selmo a wurin nan hular ce, kuma ita ce ya kusa rasawa shekarar da aka kawo Royce Tillery.

A waccan shekarar 'yan Dockers ɗinmu suna kafaɗa da kafaɗa da 'yan Marlow a saman tebur, amma shinge yana yoyo. Sai a kai zango na takwas cikin tara muna gaba, a tashi wasa muna baya. Ranar da za a rufe musayar 'yan wasa, ƙarshen Yuli, mutanen ofis suka yi ciniki: suka ba da Tobin Haskell, suka karɓo Tillery. Tobin yaro ne bahago da Selmo ya yi rainonsa tun yana jifa kamar mai korar kaji, yaron da Milagros take ajiye wa farantinsa daban. Selmo da kansa ya kai shi filin jirgi. Kowa ya ga idonsa da ya dawo.

Booker ne ya fara faɗin abin da ke ran kowa, yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon a kan takalmin na kusa da shi.

"Kawu, kai ba ka ji wani wari ba? Mutum yana jifa kamar harsashi, a ba mu shi a kan Tobin kaɗai? Ni dai in maƙwabcina ya sayar min da mota mai sheƙi yana murmushi, murfin inji nake fara buɗewa."

"Rufe bakinka ka miƙe ƙafa," in ji Selmo. "Baƙo ne. Namu ne yanzu."

Baƙon ya iso washegari, dogo, gemu har ƙirji, da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin bazara. Selmo ya miƙa masa hannu. Tillery ya dubi hannun, ya dunƙule hagunsa ya taɓa shi da ita, ya wuce can ƙarshen benci ya zauna shi kaɗai.

Makonnin farko babu mai abin cewa. Ya shiga, ya share mutum uku, ya fito. Gari ya fara sayen rigarsa. Amma Selmo yana tsugune yana kallonsa kullum, kuma ya ga abin da kyamara ba ta damu da shi ba. Kafin kowane jifa, hannun damar Tillery sai ya zarce aljihun baya, ya ɗan jima, sannan ya fito ya kama ƙwallo. Kafin ya tashi ɗumama hannu kuma sai ya shiga ɗan banɗakin shinge ya kulle, a yi ta jin famfo yana zuba.

Selmo ya san abu ɗaya da masu jifa suke ɓoyewa a aljihun baya: danƙo. A shafa a yatsa, ƙwallo ta riƙa juyawa kamar aljana. Ya kuma san abin da zai biyo baya. Alƙalan wasa suna duba hannun ɗan ɗauki, kuma in suka ji danƙo za a dakatar da shi, a hana ƙungiya cike gurbinsa, a daidai lokacin da kowane wasa yake da nauyin kofi. Sai ya fara bincike shi kaɗai. Duk ƙwallon da ta faɗo safarsa daga hannun Tillery, ya danna mata babban yatsa, ya kai hanci, wata rana har da harshe.

"Kawu, yunwa ce?" Booker ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ga gyaɗa nan, bar cin kayan ƙungiya."

Aka yi dariya. Tillery bai yi ba.

Babu danƙo a jikin ƙwallayen. Wannan bai kwantar wa Selmo da hankali ba, ƙara tayar masa ya yi, don ya ɗauka sabon iri ne da ba ya barin alama. Ga shi kuma jifan ya fara canzawa. Ƙarfin yana nan, amma ƙwallo tana kuɓucewa sama, Selmo yana miƙewa ya cafko ta a saitin da kan mutum yake. Sau biyu a mako ɗaya ya jinkirta ɗaga hula, Mulvaney yana tsaye a matakala yana buga ƙafa. Gus, kocin shinge mai riƙe da waya, ya fara kallonsa ta gefen ido.

Wata rana da hantsi ya tare Tillery a bakin banɗakin.

"Me ke aljihunka?"

"Hannuna."

"Ban da hannun."

Tillery ya dube shi daga sama har ƙasa. "Tsoho, kama ƙwallo aka ɗauke ka yi ko aikin kwastan?"

"In alƙali ya kama ka, mu duka muka nutse. Gara ni in sani."

"Na san abin da ke cinka. Na zauna a kujerar ɗan lelenka, ko ba haka ba? Sai shinshina min ƙwallo kake kamar kare, kana shanya ni ina jifa kana ƙin ɗaga hula, hannuna yana ƙarewa a nan kafin in shiga fili. Ka ɗauka ban gani ba?"

Kafin azahar maganar tana ofishin koci. Mulvaney ya rufe ƙofa. Tare suka yi wasa a ƙananan ƙungiyoyi suna samari, tare suka kwana a motocin haya, saboda haka bai yi wani kwana-kwana ba.

"Kana da shaida?"

"Ba ni da ita."

"To me kake da shi?"

"Akwai abin da yake ɓoyewa, Harlan."

"Kowa yana ɓoye wani abu. Ni ma ina ɓoye wa likita sigari." Mulvaney ya shafa fuska. "Saurara. Mutanen sama sun sa wuyansu a kan cinikin nan. In mutumin nan ya lalace, wani za su nema su ɗora wa, kuma kai ne mafi sauƙin ɗauka, takardarka ta shekara-shekara ce. Ni kaina na fara tambayar kaina, Selmo. Ko Tobin ne yake riƙe maka hular nan?"

Shi ma Selmo da yana kwance a gida ya yi wa kansa tambayar, kuma bai sami amsa mai tsabta ba.

Daga ranar shingen ya canza. In ya iso, hira ta tsaya. Samarin da suka ci a teburinsa suka koma neman wani mai cafke jifa daban ya ɗumama su. Booker kaɗai ya ci gaba da watsa masa ɓawon gyaɗa, shi ma a hankali.

Sai Lahadin ƙarshen Agusta. 'Yan Marlow a gidanmu, rana tana dukan fili, kujerun ƙarfe ba sa taɓuwa. Zango na takwas, muna gaba da ci ɗaya, mai jifanmu na farko ya gaji har kafaɗarsa ta sauka. Mutum ɗaya na Marlow ya buga ƙwallo ya samu shiga, ya tsaya a tasha yana jiran damar zagayewa ya ci. Waya ta yi ƙara.

"Tillery!" in ji Gus. "Maza."

Tillery ya fito daga banɗaki ya hau tudun jifa. Selmo ya tsuguna. Aljihu, jifa. Aljihu, jifa. Na uku ya wuce saman kansa ya daki raga. A cikin fili mutum na biyu ya samu shiga, ihu ya tashi. Mulvaney ya hau matakala ya juyo da fuskarsa wajen shinge.

Al'adar Selmo ce, ƙwallon ƙarshe ba ya jefa wa mai jifa ita, takawa yake ya sa masa a hannu. Da Tillery bai taɓa samun yin haka ba, kullum safa yake miƙo masa. Ranar ya yanke shawara cewa kafin alƙali ya taɓa yatsun nan, shi zai taɓa. Ya taka, Tillery ya miƙo safa, Selmo ya saki ƙwallon ƙasa ya cafke hannun damar.

Babu danƙo. Yatsun sanyi ƙalau, kamar an ciro su daga firji. Biyu daga ciki sun yi fari fat, farcen ya koma shuɗi. Selmo ya matse su da ƙarfin da ya isa mutum ya yi ƙara, Tillery ko gezau bai yi ba. Selmo ya zura ɗayan hannun a aljihun bayan, ya zaro abin da ya hana shi barci: 'yar jakar ɗumama hannu, irin wadda masu kwashe ƙanƙara suke sawa a safa a watan Janairu.

"Tun yaushe?"

"Sakar min hannu."

"Tun yaushe ba ka jin su?"

Tillery ya waiga ya ga Gus yana can da waya a kunne. Ya sauke murya, kuma wannan karon babu izgili a cikinta.

"Tun kafin in zo yake zuwa yana tafiya. Makon nan ne ya ƙi tafiya. Kawu, dubi shekaruna. Kwantiragina ƙarewa yake a kakar nan. In aka rubuta min ciwon hannu yanzu, babu mai sake ɗaukata. Mutum biyu kawai zan fitar. Mutum biyu, gobe da safe in kai kaina asibiti, na rantse maka da kabarin uwata. Ɗaga hular."

Karo na farko ke nan da ya kira shi Kawu.

Selmo ba likita ba ne. Bai san sunan ciwon ba, bai san ko jifa goma za su ƙara masa wani abu ba. Abin da ya sani, hannun mai rai ba ya yin sanyi haka a rana irin wannan. Ya kuma san yadda abin zai kasance a idon duk wanda ke filin: tsohon da ke jin haushin an sayar da yaronsa ya hana baƙo shiga a wasa mafi girma na shekara. Ya hango Mulvaney ya ware hannuwa yana tambaya. Alƙalin wasa ya fara takowa wajen rumfa yana nuna agogo.

"Ba zan ɗaga ba," in ji Selmo.

Tillery ya kai hannun hagu zai fizge hular ya ɗaga da kansa. Selmo ya dafe ta da hannu biyu ya duƙa. Tillery ya ja, Selmo ya riƙe. Suka yi taga-taga suka daki raga. Wannan ne hoton da kyamara ta kama ta watsa a babban allo, ta watsa a kowane gidan giya na jihar: manyan mutane biyu suna kokawa a kan hula. Booker ya yi tsalle ya rungume Tillery ta baya.

Selmo, hannu ɗaya har yanzu a ka, ya fizge wayar daga hannun Gus.

"Harlan! Turo likita!"

"Me? Ba na ji! Ka haukace ne?"

"Likita! Hannunsa ya mutu da sanyi!"

"Sanyi? A wannan ranar?" in ji Mulvaney. "Selmo, in aka zo aka tarar wata sabuwar ƙaryar ce, yau ɗin nan za ka kwashe kayanka."

"Na yarda. Turo likitar."

Ya ajiye waya, ya ɗauki safarsa, ya ce wa Booker ya hau tudu. Booker ya yi jifa kwana biyu a jere, bai kamata a taɓa shi ba, amma babu wani. Selmo ya koma ya tsuguna kamar ba abin da ya faru. Bai kai ga ɗumama shi ba. Mulvaney ba shi da yadda zai yi, ya bar gajiyayyen mai jifan ya fuskanci ƙarin mutum ɗaya, mutumin kuwa ya maka wa ƙwallon sanda ta tashi sama, ta taho, ta taho, ta tsallake katanga ta faɗo cikin shingen, ta gangara ta tsaya kusa da ƙafar Selmo. Ci uku a bugu ɗaya. Kofin giya na farko ya sauko masa a baya kafin masu gudu su gama zagaye.

Dokta Imelda Farrow, likitar ƙungiya, ta iso da gudu. Ta danna farcen Tillery ta jira jini ya dawo, bai dawo ba. Ta nemi bugun jini a wuyan hannun, ta sake nema. Nan take ta kira motar asibiti. Da za a wuce da shi, Tillery ya tsaya a gaban Selmo.

"Ka kashe ni, tsoho. Ka ji daɗi."

Gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke kai jini hannun, can ƙarƙashin ƙashin wuya. Aka yi masa aiki, aka cire haƙarƙari ɗaya. Likitocin asibitin sun ce wa Mulvaney ba za su iya rantsuwa a kan abin da jifan ranar zai yi ba, amma yatsun nan biyu da ƙyar aka cece su, kuma an zo a kan gaɓa.

Mai karatu zai ce to ai shi ke nan, gaskiya ta fito. Ba ta fito ba. Tillery yana kwance yana lissafin yadda zai dawo, ya roƙi ƙungiya kada a faɗi ainihin ciwon, don kada sauran ƙungiyoyi su guje shi. Ciwon mutum nasa ne, doka ma ta ba shi wannan. Sanarwar da aka fitar layi ɗaya ce: ya samu matsala a hannu. Gari kuwa yana da hoton kokawa. Sai aka haɗa biyun aka ce tsohon ne ya murɗe masa hannu.

'Yan jarida suka tare Selmo a bakin motarsa. Kalma biyu daga bakinsa da sun wanke shi. Ya ce, "Ku tambayi koci," ya daki ƙofa ta rufu. An karce masa motar da makulli daga gaba har baya. Milagros ta daina zuwa fili. Kakar ta ƙare 'yan Marlow suna gabanmu da wasa ɗaya tak, kuma kowa ya san wane wasa ne. Mutanen ofis, waɗanda suka san gaskiya sarai, suka ga sallamarsa ce hanya mafi sauƙi ta kwantar da gari. Mulvaney ya shiga ya ce in Selmo ya fita a haɗa da tasa takardar sallamar. Da haka Selmo ya tsira da aikin. Sunan kuwa bai tsira ba. Shekara da shekaru, in ya tsuguna kusa da raga, sai an samu wani daga sama ya yi ihu, "Riƙe hularka, maci amana!"

Kai ne ka ji wannan kullum, Selmo, ka gyara tsugunonka ka buɗe safa. Kai ne ka riƙe sirrin mutumin da ya zage ka a gaban jama'a, mutumin da bai taɓa ɗaga waya ya ce maka sannu ba. Booker ya sha cewa zai fasa ƙwan a rediyo, kai ne ka ce masa in ya yi kada ya sake taka gidanka. Gwiwar ƙarfe, na bayan raga, wanda ake jifa da ƙarfi kullum bai taɓa ramawa ba.

Tillery ya gwada dawowa a ƙananan ƙungiyoyi, ƙarfin bai dawo ba. Ya ɓace. Aka ce yana koyar da yara a wani gari can kudu.

Makon jiya ƙungiya ta sanar Selmo zai ajiye aiki. Shirin wasanni na rediyon safe ya buɗe layi, kuma ba a yi nisa ba aka koma kan tsohon zance. Wani ya ce da an kore shi tuntuni. Wani ya ce shi ya cinye mana kofi. Sai mai gabatarwa ya ce akwai wani a layi daga nesa, ya ƙi faɗin sunansa sai an sa shi a cikin shirin.

"Royce Tillery ne. Ku yi min shiru in gama, don ba zan sake ba."

Ya faɗi komai. Yatsun, jakar ɗumama hannu, ruwan zafi a banɗaki, rantsuwar da ya yi da kabarin uwarsa alhali ya san ba asibitin da za shi washegari. Ya ce shi ya kai wa hular hannu. Ya ce shi ya hana a faɗa, kuma ya san abin da garin yake yi wa tsohon, yana gani a waya, ya yi shiru.

Mai gabatarwa ya tambaye shi ko yanzu sun shirya da Selmo.

"Ban sani ba," in ji Tillery. "Wata safiyar har yanzu da zaginsa nake tashi. Da ya bar ni na fitar da mutum biyun nan, wataƙila da na samu shekara uku a gaba. Wataƙila. Amma wayar nan da nake muku magana, da hannun dama na riƙe ta, kuma yatsu biyar ne a jikinta. Ku daina jifansa da giya."

Booker, wanda yanzu shi ne kocin shinge, ya kunna wa Selmo maganar a wayarsa. Selmo yana zaune a kan bokitinsa, hannu duk laka. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba.

"To Kawu, an wanke ka. Ba za ka ce komai ba? Ko ɗan hawaye, don in samu na ba da labari?"

"Ba duka aka wanke ba," in ji Selmo. "Sun ce don Tobin na yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta inda suke zato ba. Da Tobin ne yake kai hannu aljihu, ranar farko zan kama hannun in ce yaro me ke damunka. Wannan da yake baƙo ne, ɓarawo na ɗauke shi. Na ɓata makonni ina shinshina ƙwallo, hannun mutum yana mutuwa a gabana." Ya ɗauki wata ƙwallon. "Samo min lambar Tillery."

Sun yi magana. Me suka ce, babu wanda ya sani, Booker dai ya ce ya ji tsohon yana dariya har da tari.

Mun gode, Anselmo Cuevas. Mun gode da gwiwoyin da ka ƙarar a kan ƙasar shingen nan, da yaran mutane da ka ciyar, da ranar da fili guda yake ihu ka ce eh kai kuma ka ce a'a. Garin nan yana da bashin haƙuri a wurinka, kuma da yawanmu da muka yi ihun muna da kujera kusa da ragar. Lahadi ku zo da wuri, tun ana jiƙa ƙasa, ku leƙa ku kira sunansa daidai ko sau ɗaya. Ku kuma da kuke aiki a inda sa hannunku ko gyaɗa kanku ne yake tura wani gaba, a asibiti ne, a gareji ne, a bakin injin masana'anta ne, in zuciyarku ta ƙi kwanciya da baƙon da aka kawo muku, kada ku tsaya daga nesa kuna zarginsa. Ku taka ku kama hannunsa ku ji.